Kada ku bari ɗoɗɗoyar kirfa ta yi fure da wuri

Kuskuren da na fi gani wajen masu lambun gida da ke shuka ɗoɗɗoya mai ƙamshin kirfa shi ne tausayi. Mutum zai ga ta miƙe ta fid da fure ruwan hoda a kan kara mai launin shunayya, sai ya kasa sa mata hannu. Alhali da zarar ta shiga fure, ƙarfinta ya koma kan yin iri, sabon ganye ya ragu, wanda ke jiki kuma ya fara tauri da ɗaci.

Saboda haka idan tsayinta ya kai santimita 15, kuma ta yi jerin ganye uku ko huɗu, ku sa farce ku tsinke kan, daidai saman inda ganye biyu suka fuskanci juna. Daga hammatar ganyen nan biyu rassa biyu za su fito. Su ma idan suka yi tsawo a tsinke musu kai, biyu su zama huɗu. Da haka take cika ta yi duhu, ta kai santimita 45 zuwa 75. A duba ta kowane mako, duk tohon furen da ya leƙo a cire shi. Sai dai kada a ɗebe fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a lokaci guda. Da safe ake tsinka, bayan raɓa ta bushe, lokacin ƙamshin ya fi ƙarfi.

Shukar ba ta da wuya. Irin ƙanana ne baƙaƙe, kada a binne su fiye da rabin santimita. Cikin mako ɗaya zuwa biyu suke tsirowa idan ƙasa na da ɗumi da danshi. A bar santimita 30 tsakanin gindi da gindi. Wanda bai da iri ya yanko reshe mara fure ya tsoma a kofin ruwa, kafin mako biyu zai ga saiwa. Tana son rana ta awa 6 zuwa 8, ba ta jure sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10. Idan a tukunya ko bokiti ne, a huda gindinsa. Taki kaɗan ya isa, wanda ya ruɓe sosai, domin yawansa na ba da ganye manya marasa ƙamshi.

Ban ruwa kuwa a gindi ake yi, ba a kan ganye ba. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi ke jawo fumfuna, wadda ke mai da saman ganye rawaya, ƙasansa kuma ya yi toka-toka. Irin wannan gindin a tumɓuke shi a fitar daga lambun. Darɓa kuma, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, fesa ruwa da ƙarfi ko ruwan da aka sa wa sabulu kaɗan yana korar ta. Ganye ne da za a ci, ban ga dalilin fesa masa maganin ƙwari ba.

Wani abin da nake so a gane: sunan ne kawai ya haɗa ta da kirfa. Kirfa ɓawon bishiya ce, wannan kuwa ɗoɗɗoya ce da wani sinadari a ganyenta ya ba ta kamannin ƙamshin. Kada mai ciwon suga ko hawan jini ya ajiye maganin asibiti ya ce ya samu a lambu.

Mai son ajiye iri sai ya ware gindi ɗaya ya bar shi ya yi fure har kan ya bushe. Amma idan akwai wata irin ɗoɗɗoya kusa da ke fure a lokacin, ƙudan zuma za su gauraya su, abin da zai fito baɗi ba lallai ya yi ƙamshin kirfa ba.