Ma'aikatan manyan sito: yanayin aiki da haƙƙoƙinsu

Ma'aikatan sito su ne masu sauke kaya, da jera su, da tsamo su, da ɗaure su a manyan ɗakunan ajiya da ke tsakanin masana'anta da kanti ko ƙofar mai saye. Sun haɗa da 'yan lodi, direbobin injin ɗaga kaya, masu tsamo oda da masu naɗewa. Mai saye ba ya ganinsu, shi ya sa matsalolinsu kan daɗe kafin su fito fili.

Tarihi

Asalin wannan aiki a sigarsa ta zamani yana bakin teku ne. A Landan, tashar West India Docks da aka buɗe a 1802 ta zo da jerin manyan sito na sukari da sauran hajar ƙetare. Yawancin leburorin ba su da aikin dindindin. Da sassafe sukan yi cincirindo a bakin ƙofa, wakilin kamfani ya zaɓi waɗanda ya ga dama, wani lokaci don aikin 'yan awoyi kawai, sauran su koma gida hannu rabbana. Wannan tsari ne ya haifar da babban yajin aikin 1889, wanda ya ɗauki kimanin mako biyar. Babbar buƙatarsu ita ce sisi a kowace awa, kuma sun samu, bayan da Kadinal Manning, babban limamin Katolika, ya shiga tsakani. Masana tarihi na ɗaukar wannan yaji a matsayin lokacin da leburori marasa sana'ar hannu suka nuna cewa su ma za su iya kafa ƙungiya mai ƙarfi.

A Amurka, yajin ma'aikatan tashoshin gaɓar yamma na 1934 ya ɗauki kwana 83. Ranar 5 ga Yuli 'yan sanda suka harbe mutum biyu a San Francisco, abin da ya jawo yajin gama-gari a birnin. Ma'aikatan sun samu ɗakin rabon aiki da ƙungiyarsu ke da hannu a ciki, wanda ya kawo ƙarshen zaɓen son rai a bakin ƙofa. Daga nan, ƙarƙashin jagorancin Harry Bridges, suka nausa cikin gari suna shigar da ma'aikatan sito, har aka kafa ƙungiyar ILWU a 1937, wadda sunanta ya haɗa 'yan tasha da 'yan sito.

Injuna sun sauya aikin sannu a hankali. Katakon ɗora kaya da injin ɗagawa sun yaɗu ne a wajajen Yaƙin Duniya na Biyu. A 1956 ɗan kasuwar sufuri na Amurka Malcom McLean ya aika da jirginsa na farko ɗauke da kwantenoni, kuma cikin shekarun da suka biyo baya sito suka bar bakin ruwa suka koma gefen manyan tituna, inda fili ke da araha kuma ƙungiyoyin ƙwadago ba su da tushe. Wannan ƙaura ta raunana abin da aka yi shekaru ana ginawa.

Yanayin aiki a yau

A manyan sito na cinikin intanet, mai tsamo kaya yana riƙe da na'urar hannu da ke nuna masa lambar kantar da kayan yake da daƙiƙoƙin da suka rage masa. Da zarar ya ɗauki kaya ya haska lambarsa, sai ta turo na gaba. Duk tsaikon da ya yi, ko da na zagayawa ne, na iya shiga lissafi. Inda mutum-mutumi ke kawo kantoci gaban ma'aikaci, kamar yadda Amazon ya soma bayan sayen kamfanin Kiva a 2012, tafiya ta ragu amma sunkuyo da miƙa hannu sun ƙaru. Ciwon baya, da na kafaɗa, da na wuyan hannu su ne raunukan da aka fi samu.

Zafi ma matsala ne. A 2011 jaridar Morning Call ta ruwaito cewa an girke motocin asibiti a ƙofar wani sito na Amazon a jihar Pennsylvania don kwasar waɗanda zafi ya kayar.

Da yawa daga cikin ma'aikatan ta hannun 'yan kwangila ake ɗaukarsu, musamman a lokutan cunkoson ciniki. A Ingila, shugaban kamfanin sayar da kayan wasanni na Sports Direct, Mike Ashley, ya amsa a gaban kwamitin majalisa a 2016 cewa ma'aikatan sitonsa na Shirebrook sun karɓi ƙasa da mafi ƙarancin albashi, saboda lokacin da suke ɓatawa a layin bincike bayan tashi ba a biyansu.

Dokoki

Yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1919, ta ƙayyade awa 8 a rana da 48 a mako a masana'antu. Yarjejeniya mai lamba 87 da mai lamba 98 sun kare 'yancin shiga ƙungiya da na ciniki da murya ɗaya, mai lamba 127 kuma, ta 1967, ta shafi nauyin da mutum ɗaya zai ɗauka. Aiwatarwa ta danganta da kowace ƙasa. A 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dokar tarayya ba ta wajabta biyan lokacin binciken fita ba. Jihar Kalifoniya ta soma aiki da wata doka a 2022 da ta tilasta wa kamfanoni bayyana adadin aikin da suke ɗora wa ma'aikaci, ta kuma hana adadin da zai tauye hutu ko zuwa banɗaki.

Ƙungiyoyin ƙwadago

A Jamus, ƙungiyar ver.di tana kiran yaji a sito na Amazon tun 2013, tana neman a biya su bisa yarjejeniyar 'yan kanti, kamfanin kuma yana cewa aikinsu na jigila ne. Ma'aikatan siton Amazon na Staten Island a New York sun zaɓi kafa ƙungiya a 2022, na Coventry a Ingila kuwa sun faɗi a ƙuri'ar amincewa da ƙungiyarsu da ƙaramar tazara a 2024.

Ana taƙaddama kan alƙaluman rauni. Kamfanoni na cewa suna raguwa, ƙungiyoyi na cewa saurin da ake buƙata ne tushen cutar.