Zaɓen Kalmomi a Rubutun Zube: Bauchi da Gombe

Zaɓen kalmomi shi ne tantance kalmar da ta dace da gurbinta a rubutu daga cikin 'yan'uwanta masu kusancin ma'ana. Masu nazarin adabin Hausa suna sanya shi a babin salo da sarrafa harshe. Ya shafi waƙa da wasan kwaikwayo, amma an fi ganin wahalarsa a zube, wato ƙagaggen labari da maƙala, inda babu kari ko amsa-amon da zai rufa wa kalma mara ƙarfi asiri. Ga marubucin Bauchi da Gombe akwai ƙarin nauyi, domin Hausar da yake ji a gida da kasuwa ta ɗan sha bamban da wadda ake bugawa a littafi.

Kusancin ma'ana

Da wuya a sami kalmomi biyu na Hausa masu aiki ɗaya sak. Tulu fasa shi ake yi, sanda a karya, igiya a tsinka, takarda a yaga, itace a faskara. Uwa tana goya ɗa, maharbi ya rataya kwari, manomi ya saɓa garma. Wanda ya rubuta "ɗauka" a duk waɗannan gurabe bai saɓa wa nahawu ba, sai dai ya hana mai karatu ganin abin da ya faru. Haka ake shan rake da mangwaro amma a ci ayaba da goro, a sha wahala, a ci bashi.

Kalmomin amsa-kama kowace da abokin zamanta: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, tsayawa cak, cika maƙil. Guda ɗaya a inda ya dace tana raya sakin layi. Idan aka jera su a kowace jimla, labarin sai ya koma tatsuniya.

Matsayi da kunya

Akuya mutuwa take yi, mutum ya rasu ko ya riga mu gidan gaskiya, babban malami ya yi wafati. Idan mai labari ya ce ɗan fashi ya sheƙa lahira, ya riga ya nuna ɓangaren da yake. Mace tana da juna biyu, daga baya ta sauka. Uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, matar da ta tashi a gidan gargajiya kuma "Maigida" ko "Malam" take cewa. Don haka amaryar da ta kira mijinta da sunansa a gaban surukarta ta faɗi abu mai yawa game da kanta, kuma ya kamata marubuci ya sa mata hakan da gangan, ba da mantuwa ba.

Karin harshe

Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne galibi a kan Kananci. A ƙasar Bauchi kuwa Bausanci ake yi, sai Guddiranci a wajen Katagum. Gombe, wadda aka cire daga Jihar Bauchi a 1996, Hausarta ta zauna tare da Fulatanci da Tangale da Tera da Waja da Bolanci, kuma da yawa daga masu yin ta harshe na biyu ce a gare su.

Abubuwa biyu sun fi fitowa fili a Bausanci. Na farko, raunin bambancin jinsi: a ce "rigan Audu" da "motan" inda daidaitacciya take cewa "rigar Audu" da "motar". Na biyu, jinkirta wanda aka yi wa aiki zuwa bayan abin da aka aikata: "ya kawo ruwa wa Malam" maimakon "ya kawo wa Malam ruwa". Editan da ya gyara waɗannan a bakin mai ba da labari ya yi aikinsa. Wanda ya bi su har cikin zancen taurari, wato mutanen cikin labarin, ya goge, ya mayar da tsohuwa 'yar Bauchi Bakanuwa, labarin kuma ya rasa garinsa.

Sunayen abubuwa ma haka suke. Abin da Kano take kira waina, a Bauchi masa ne, kuma yaron da aka aika kasuwar Wunti da safe "masa" zai ce wa mai suya. Ɗan kasuwar hatsi a Gombe da mudu yake awo, inda na Kano zai ce kwano, na Katsina ya ce tiya. A gidajen Gombe da dama yaro yana kiran yayansa Hamma, yayarsa Adda, ƙanin mahaifinsa Bappa, mai unguwa kuma Jauro ne. Labarin da aka ce a unguwar Jekadafari ta Gombe ya faru, amma kowa a cikinsa "Yaya" yake cewa yana cin waina, mutanen unguwar za su gane tun shafin farko cewa baƙo ne ya rubuta, ko kuma ɗan gida da ya ji kunyar bakinsa.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce mai ba da labari ya riƙe daidaitacciyar Hausa, taurari su yi magana da bakinsu, gwargwadon abin da mai karatu na Sakkwato ko Maraɗi zai fahimta daga yanayin zancen.

Marubuta biyu na Bauchi

A gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da aka zaɓa shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin malamin makaranta ne a Bauchi. Malami ne yake ba ɗalibansa tarihin rayuwarsa a littafin, shi ya sa kalmominsa suka zo a natse, babu zolaya, ko a inda ake maganar bauta da rabuwa da uwa. Sa'adu Zungur, marubucin waƙa da ya rasu a 1958, wata hanyar ya bi. Da zai yi wa 'yan Arewa maganar tsarin mulki, sai ya ɗauko "jumhuriya" da "mulukiya" daga Larabci, harshen da masu sauraronsa suke girmamawa. Ta farkon ta zauna daram a Hausar jarida, ta biyun kuwa ba a cika jin ta ba sai a ajin adabi.

Aro da maƙala

Maƙala tana son kalma ta tsaya a ma'ana ɗaya daga farko har ƙarshe. Wanda ya fara da "haraji" kada ya koma "kuɗin shiga" don gudun maimaici, abubuwa biyu ne daban. Kalmomin aro da suka zauna, irin su asibiti, mota, gwamnati, siyasa da jami'a, Hausa ne, kuma ƙoƙarin canza su da dogon bayani wahalar da kai ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a 1939, da gidajen rediyo sun taimaka wajen zaunar da irin waɗannan.

Ingausa, wato cakuɗa Ingilishi da Hausa, ita ce abin gardama a yau, musamman a labaran da ake yaɗawa ta WhatsApp da Wattpad. A bakin ɗalibar jami'a tana iya zama gaskiyar yadda take magana. A bakin mai ba da labari kuwa yawanci alama ce ta cewa an ƙi tsayawa a nemi kalmar.

Ƙamusoshi

Manyan abin dubawa su ne ƙamusun Bargery na 1934, wanda yake nuna yankin da wasu kalmomi suka fito, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, mai bayanin Hausa da Hausa. Sunayen kayan sana'a da na abinci na Gombe da kudancin Bauchi ba duka suka shiga waɗannan littattafai ba, don haka marubuta kan nemo su a bakin maƙera da mahauta da 'yan kasuwa.