Aiki ba la'ana ba ne

Sau da yawa za ka ji Kirista ya dawo daga gona, fartanya a kafaɗa, gumi na tsiyaya, yana cewa, "Adamu ne ya ja mana wannan." A ganinsa aiki hukuncin zunubi ne. Ba haka Littafin Farawa ya faɗa ba.

A sura ta 2, aya ta 15, Allah ya sa Adamu a gonar Aidan don ya noma ta, ya kiyaye ta, tun bai taɓa 'ya'yan itacen da aka hana ba. Sai a sura ta 3 la'ana ta zo, kuma a kan ƙasa ta sauka: ƙaya da sarƙaƙƙiya suka tsiro, abinci ya zama sai da jiɓi. Wahalar ce baƙuwa, noman kam tun farko yana nan.

Aya ta 9 a sura ta 2 ta fi burge ni, domin an yabi kyaun itatuwan gonar kafin a ambaci cinsu. Hutu kuwa, Littafin Fitowa 23:12 ya ce a rana ta bakwai a bar bijimi da jaki su huta, har da baƙo.