Bambancin samari da 'yan mata a hatsarin hanya

Bambancin jinsi a hatsarin hanya shi ne tazarar da ke tsakanin samari da 'yan mata wajen yawan faɗawa hatsari, da irin raunin da kowa ke ji, da yawan mace-mace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasuwa a kan hanya duk shekara, kuma babu abin da ya kai hatsarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mazan da ke mutuwa sun ninka mata kusan sau uku. A Zariya, kamar sauran biranen Arewa, galibi saurayi ne ke riƙe da kan babur ko sitiyari, budurwa kuwa fasinja ce ko mai tafiya a ƙasa, don haka hanyar da hatsari ke samun kowannensu daban ce.

Asalin lamarin

Sana'ar acaɓa ta bazu a biranen Najeriya wajejen shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare, motocin haya suka yi ƙaranci, samari da yawa suka rasa aikin yi. Zariya gari ne mai sassa warwatse: Birni, Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru, ga Shika can gaba. Babur ne ya zama abin da ke haɗa su cikin sauri, kuma kusan duk matuƙansa maza ne. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988, ita ce kuma ta fara tilasta sa hular kwano daga 1 ga Janairu 2009. Dokar ba ta zauna sosai ba. Fasinjoji sun ƙi hular da kowa ke sawa saboda zafi da tsoron ƙazanta, mata kuma hular ba ta hawa kan ɗaurin kallabi. Zuwan Keke Napep daga baya ya janye mata da yawa daga bayan babur.

Samari

Abu na farko da ke jefa samari cikin hatsari shi ne yawan zama a kan titi. Ɗan acaɓa da yaron mota suna wuni a hanya, har da dare, a wurare irin su Kwangila da PZ a Zariya inda babur ke gogayya da tirela da tankar mai. Na biyu halin tuƙi ne: gudu, kutsawa ta gefen babbar mota inda direba ba ya gani, bin hannun da ba nasa ba, da cire madubi don kwalliya. Sashen ƙwaƙwalwa mai auna sakamako da danne zumuɗi ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna saurayi yakan ƙara ganganci idan abokansa maza na kallo. Wasan babur a rakiyar amarya da ranar sallah daga nan ya samo tushe. Ƙwayoyi irin su Tramadol, da wasu ke sha don jure gajiya, suna jinkirta taka birki.

Lissafin gudu ba ya sassauci. Mai tafiya kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar da doka ta sa a cikin gari, yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya tun kafin ƙafarsa ta kai birki. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ya ninka huɗu. Hular kwano mai kyau tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai da kusan kashi 69, amma sai an ɗaure igiyar haɓa yadda yatsa biyu kawai za su shiga. Wadda ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya taɓa kwalta.

'Yan mata

Daga cikin abubuwan da ke jefa fasinja mace cikin hatsari a kan babur akwai tufafi da yanayin zama. Bakin dogon hijabi ko mayafi yakan sauka gefen hagu, sarƙa ko wayoyin tayar baya su cafke shi, su naɗe cikin ƙiftawar ido, su fizgo ta ta wuya zuwa ƙasa. Ya fi faruwa a babur ɗin da aka cire wa murfin sarƙa. Maganinsa a tattare hijabin a ɗora kan cinya a danne kafin babur ya tashi. Wadda ta zauna a karkace, ƙafafu biyu a gefe ɗaya, ba ta da abin tokarewa, ƙaramin rami ko birkin gaggawa ya isa ya zame ta ta faɗi da ƙeya, kuma idan da goyo jaririn ne ke fara isa ƙasa. Ƙunar salansa a ƙwauri na samun masu sauka ta dama. Kunya ma na da nata rabon: da wuya budurwa ta ce wa ɗan acaɓa ya rage gudu, alhali haƙƙinta ne.

Masu tafiya a ƙasa, irin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke tsallaka titin Sakkwato su shiga Samaru da 'yan mata masu talla, sun fi shiga haɗari bayan magariba, musamman cikin baƙaƙen kaya.

Ƙirar mota

Mutum-mutumin gwajin karo da aka fi amfani da shi, wanda kamfanin General Motors ya fitar a 1976, an yi shi ne a siffar matsakaicin namiji mai nauyin kilo 78. Wani bincike na Jami'ar Bajiniya a Amurka, a 2011, ya gano cewa mace direba mai ɗaure da bel ta fi namiji yiwuwar jin mummunan rauni da kashi 47 cikin ɗari a karo iri ɗaya. Masana sun saɓa kan dalili: wasu na ganin ƙirar ce, wasu na cewa mata sun fi tuƙa ƙananan motoci.

Gajeriyar direba takan matso da kujera dab da sitiyari. Ya kamata a bar aƙalla santimita 25 tsakaninsa da ƙirji, bel ya bi tsakiyar kafaɗa ba wuya ba, kada a tura shi ƙarƙashin hammata. Mai juna biyu ta sa igiyar ƙasa a ƙarƙashin ciki, kan ƙashin ƙugu.

Doka

Shekara 18 ce mafi ƙaranci ta mallakar lasin tuƙi, ga namiji da mace. Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122.