Asalin Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Falsafar Girkawan Dā

Ilimin halayyar ɗan Adam bai zama fanni mai zaman kansa ba sai a 1879, da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta ƙasar Jamus, amma tambayoyin da fannin ke kai Girkawa sun yi ta muhawara a kansu fiye da shekara dubu biyu kafin nan. Sunansa na Turanci ma, "psychology", daga kalmarsu "psyche" ya fito, wato rai.

Likitoci ne suka fara nemo mazaunin tunani a jiki. A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Alkmiyon na Kroton ya ce ji da gani a ƙwaƙwalwa suke haɗuwa, sannan wani littafi da ake dangantawa da Hippocrates ya musanta cewa farfaɗiya bugun alloli ce, ya ce cutar ƙwaƙwalwa ce mai dalili kamar kowace cuta. Wannan magana ce mai nauyi a zamanin da ake kai masu ciwon wurin matsafa.

Masanin falsafa Aflatun (Plato) kuwa ya duba rikicin da ke cikin zuciya, inda ya kasa rai gida uku: hankali, fushi da sha'awa. Hujjarsa a littafin "Jamhuriya" labari ne na wani Liyontiyus, wanda ya iske gawarwakin waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa a bayan ganuwar Atina. Ya rufe fuska don ƙyama, sha'awar kallo ta rinjaye shi, ya ruga ya buɗe ido yana zagin idanun nasa. Aflatun ya ce tun da mutum guda yana son abu yana kuma jin haushin kansa a kan son, to ransa ba abu guda ba ne.

Almajirinsa Aristotle (384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa) shi ya fi kusa da tsarin masana na yau, domin ya dogara da lura. A wajensa rai ba baƙo ba ne a jiki, aikin jikin ne: da ido dabba ne, in ji shi, da gani ne ransa. Ya ce tsiro yana da ran ci da girma, dabba ta ƙara da ji da motsi, mutum ya ƙara da hankali. Ya kuma lura cewa tunawa tana bin kamanni, ko kishiyantaka, ko kusanci. Sai dai ya kuskure da ya ɗora tunani a kan zuciya, yana ganin ƙwaƙwalwa sanyaya jini kawai take yi.

An fassara littafinsa kan rai zuwa Larabci a Bagadaza da sunan "Kitabun Nafs", Ibn Sina da Ibn Rushd suka yi nazarinsa sosai. Rabon rai gida uku na Aflatun shi ma ya shiga littattafan tarbiyya na Musulunci, kuma ɗalibin da ya karanta "Ihya'u" na Imam Gazali a zaure ya gamu da hankali, fushi da sha'awa a babin gyaran hali.