Samotherium

Samotherium wata dabba ce daga dangin raƙumin dawa wadda ta rayu kimanin shekaru miliyan 7 da suka wuce, a zamanin da masana ke kira Miyosin, kuma ta daɗe da ƙarewa a doron ƙasa. Masanin dabbobi Forsyth Major ne ya raɗa mata suna a 1888, bayan tono ƙasusuwanta a tsibirin Samos na ƙasar Girka. An kuma samu burbushinta a Turkiyya da Iran da Sin.

A kanta akwai ƙahoni biyu masu tsini da suka tsiro saman idanu. Irin na dangin raƙumin dawa ne, wato zallar ƙashi, ba irin na saniya mai kube ba.

Wuyanta ne ya fi jan hankalin masu bincike. Kusan duk dabbobi masu shayarwa gaɓoɓi 7 ne a ƙashin wuyansu, daga ɓera har raƙumin dawa. Ayu yana cikin 'yan kaɗan da suka saɓa, domin nasa 6 ne. Ke nan tsawon wuyan raƙumin dawa, wanda ya kai kusan mita 2, ba daga yawan gaɓoɓi ya zo ba, kowace gaɓa ce ta miƙe. Okapi, ɗan'uwansa ɗaya tilo da ya rage a dazuzzukan Kongo, wuyansa bai wuce santimita 60 ba. Na Samotherium kuwa ya faɗo tsakani, kusan mita 1.

A 2015 Melinda Danowitz da Nikos Solounias da abokan aikinsu a New York sun auna gaɓa ta uku a jinsuna da dama na wannan dangi. Sun gano cewa miƙewar a mataki biyu ta faru. A Samotherium ɓangaren gaɓar da ke fuskantar kai ne ya yi tsawo, ɓangaren da ke fuskantar ƙirji kuma yana nan gajere. Shi wannan na biyun sai kimanin shekaru miliyan 1 da suka wuce ya miƙe, kuma a raƙumin dawa kaɗai. Abin burgewa ne ƙwarai a ce ƙashi guda ya adana tarihi mai tsawo haka.

Masana ba sa ɗaukar Samotherium a matsayin kakan raƙumin dawa kai tsaye. Wani reshe ne na kusa a cikin dangin, wanda bai bar zuriya ba.