Ma'anar "sabo mai sharaɗi" a ilimin halayyar ɗan Adam

Duk ɗalibin da ya buɗe littafin ilimin halayyar ɗan Adam a ajin farko na jami'a, da ya kai babin koyo sai ya ci karo da labarin karen da yawunsa ke dalala. Da yawa sukan haddace shi don jarrabawa su wuce. Ni kuwa a ganina, a duk littafin babu darasin da ya kai shi kusanci da rayuwarmu ta kullum.

Ivan Pavlov ɗan Rasha ne, masanin yadda sassan jiki ke aiki. An haife shi a 1849, ya rasu a 1936. Narkewar abinci yake bincike, a kan haka ma aka ba shi kyautar Nobel a 1904. Yakan tara yawun karnuka ta wani ɗan bututu, ya auna shi ɗigo-ɗigo. Ana cikin haka sai aka lura yawun na zuba tun nama bai shiga baki ba. Takun mai kawo abincin kaɗai ya isa.

Sai ya shirya gwaji. A kunna wata na'ura mai bugawa ƙas-ƙas-ƙas, jim kaɗan a ba kare abinci, a yi ta maimaitawa. Bayan an yi sau da dama, bugun na'urar shi kaɗai ya fara sa kare zubar da yawu. Yawun da abinci ke jawowa halitta ce, ba wanda ya koya wa kare. Wanda ƙara ta jawo kuwa koyo ne, shi ne Pavlov ya kira sabo mai sharaɗi, domin ya dogara ne a kan cewa ƙarar ta saba zuwa gabanin abinci. Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe: sai alamar ta riga abin zuwa. In an ci an gama sannan aka buga, da kyar sabon zai kama, don ba ta yi albishir da komai ba.

Je ki asibiti ranar rigakafi ki gani. Yaron da aka taɓa yi wa allura, da ya hango farar riga ko ya shaƙi warin maganin goge hannu, sai ya ƙanƙame wuyan uwarsa ya tsala ihu, alhali ko sirinji ba a ɗauko ba. Uwar ta ce rigima ce. Ba rigima ba ce, jikinsa ne ya riƙe darasi ba tare da ya nemi shawararsa ba.

A 1920, John Watson da Rosalie Rayner sun gwada wannan a kan wani jariri a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Yaron yana wasa da farin ɓera ba tsoro, sai suka riƙa buga ƙarfe da guduma a bayansa duk lokacin da ya kai hannu. Daga baya ganin ɓeran kawai kan sa shi kuka, har tsoron ya shafi zomo da rigar gashi. Raina yakan ɓaci duk sanda na karanta wannan, kuma yau ba jami'ar da za ta yarda a yi wa jariri haka. Amma abin da suka gano Bahaushe ya daɗe da faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sabon yakan dushe. In aka yi ta buga na'urar ba abinci, yawun sai ya ragu har ya tsaya, kuma a kan wannan masu warkar da matsanancin tsoro suke gina aikinsu, suna kusanto da mutum ga abin da yake gudu sannu a hankali. Sai dai Pavlov ya ga wani abu: in kare ya huta aka sake bugawa, yawun yakan ɗan dawo, ko da bai kai na da ba.